A Kan Wa Ake Koyon Aski?

Gabatarwa

Babu wanzamin da aka haifa da aska a hannu. Duk gwanin da muke gani a gindin bishiya ranar kasuwa, yana sauke suma yana hira, ko duban hannunsa ba ya yi, akwai ranar da ya fara, akwai kuma kan da ya fara da shi. Mai wannan kan bai san ya zama makarantar wani ba. Abin da ya sani shi ne ya tashi da yanka biyu ko uku a ƙeya, ya shafa, ya yi tsaki, ya kama gabansa. Haka kowace sana'a take, ba a iya ta sai an taɓa, ba a kuwa taɓawa sai a jikin wani.

Aikin koyarwa bai kuɓuta daga wannan ƙa'ida ba. Kowace shekara Tsangayar Ilmi ta Jami'ar Jos da manyan makarantun horon malamai na Gindiri da Pankshin sukan tura ɗalibansu makarantun firamare da na sakandare domin koyarwar gwaji, wasu na makonni shida, wasu goma sha biyu, wasu kuma zangon karatu guda. Ɗalibi yakan isa da sabon littafin tsara darasi da kwalayen da ya kwana yana zanawa, a nuna masa aji, a miƙa masa alli. Daga wannan lokaci yara hamsin ko fiye sun zama kawunan da zai koyi aski a kansu. Tambayar da wannan maƙala take son ta fuskanta ita ce: shin wannan ɗalibi, wanda bai karɓi takardar shaida ba, ba a ɗauke shi aiki ba, ba a kuma biyan sa ko sisi, akwai wani hakki na al'umma a wuyansa, ko kuwa iyakar abin da ke kansa shi ne ya ci jarrabawarsa ya koma makaranta? Ra'ayina shi ne akwai hakki, kuma mafi nauyinsa na mutanen da takardar maki ba ta ganin su ne. A garin Jos waɗannan mutane iri biyu ne: yaron da ke ƙarshen aji, da yaron da ba ya cikin ajin sam, domin yana can ɗaya ɓangaren gari.

Amana Ba Ta Jiran Takardar Shaida

A shekarar 1974 aka buga laccar da Baturen nan masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya gabatar a kan mutumin kirki a tunanin Bahaushe. A cikin halaye goma da ya lissafa, amana ce ta biyo bayan gaskiya. Wannan bai zo da mamaki ba ga duk wanda ya tashi a cikin Hausawa, domin babu zagin da ya kai a ce da mutum maci amana. Idan muka duba abin da Bahaushe yake kira amana, za mu tarar da sharuɗɗa uku. Na farko, abin ba naka ba ne. Na biyu, mai shi ba ya nan. Na uku, kana iya cutar da abin ba tare da an gane nan take ba. Wanda aka ba ajiyar buhun gero yana iya ɗiban mudu ɗaya ya ɗinke bakin buhun. Abin da ya hana shi, shi ake kira amana.

To, a ɗauki waɗannan sharuɗɗa a gwada su a kan yaron da ke zaune a aji. Ba ɗan malami ba ne. Uwarsa tana kasuwar Farin Gada tana sayar da kayan miya, ubansa yana bakin aikinsa ko yana neman na cefane. Idan kuma aka ɓata masa makonni shida, ko aka koya masa kuskure, ko aka cusa masa tsoron buɗe baki, babu jinin da zai zuba balle a gani. Sai bayan shekaru abin zai fito, lokacin da wanda ya yi ɓarnar ya daɗe da manta sunan makarantar. Ke nan babu amanar da ta cika sharuɗɗanta kamar wannan.

Haƙiƙa doka tana da nata ma'auni. Tun 1993 aka kafa hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa, kuma ita ce take faɗin wanda ya cancanci a kira shi malami a gaban gwamnati. Amma yaro bai san rajista ba. Safiyar farko da ɗalibi ya shiga aji, yara za su miƙe su gaishe shi da sunan malam ko malama, kuma daga ranar duk abin da ya rubuta a allo gaskiya ne a wurinsu, ko da ya saɓa wa abin da iyayensu suka faɗa. Idan maƙwabcinka ya ba ka riƙon akuya zai shiga kasuwa ya fito, ba ka sake ta ta shiga gonar mutane sannan ka ce ai kai ba makiyayi ba ne. Karɓar igiyar ita ce ɗaukar nauyin. Alli ma haka yake.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. A makarantar allo, gardi ɗalibi ne, bai gama nasa karatun ba, amma shi yake biya wa ƙolo da titibiri, shi yake duba rubutun allonsu. Ba a taɓa jin gardi ya biya wa yaro kuskure sannan ya kare kansa da cewa shi ma koyo yake yi ba. An ɗauka cewa duk wanda ya san harafi ɗaya fiye da na ƙasa da shi, hakkin wannan harafin yana wuyansa.

Yarinya da Tsintsiya

Mai karatu zai yi mini afuwa in ba da labarin kaina, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na yi tawa koyarwar gwaji a wata makarantar firamare ta gwamnati a cikin garin Jos, a tsakiyar hunturu. Wanda ya san sanyin Jos ya san abin da nake nufi: tagogin ajin babu gilashi, yara suna zaune bakwai a benci, masu rigar sanyi ba su kai rabi ba. Aji huɗu aka ba ni. Cikin mako na farko na gane cewa akwai yara uku a bencin ƙarshe waɗanda ba sa iya haɗa baƙi da wasali, mata biyu da namiji ɗaya. Sukan kwafi abin da ke allo kamar mai zanen ado, amma idan aka ce su karanta sai su sunkuyar da kai. Na lura da su, na kuma wuce su, domin tsarin darasina bai tanadi wurinsu ba.

Da labari ya zo cewa malami mai dubawa zai zo ranar Laraba, sai na yi abin da na ga na gaba da ni suna yi. Ranar Litinin da Talata na koyar da darasin Larabar sau biyu, na raba tambayoyi ga yaran da na san za su amsa. Da safiyar ranar kuwa, sai na kira 'yan bencin ƙarshen nan uku, na ba su tsintsiya, na ce su je su share ɗakin malamai da bayansa, kada su dawo sai an buga ƙararrawa. Darasi ya tafi kamar ruwa. Hannuwa suka yi ta tashi. Mai dubawa ya yaba, ya rubuta mini maki mai kyau, ya shiga motarsa.

Da aka tashi, ina tattara kwalayena, sai ƙaramar cikinsu ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, gobe ma in ɗauko tsintsiyar?" Ba da gatse ta faɗa ba. Murna take yi, domin a karo na farko malami ya kira ta ya ba ta aikin da ta iya.

Shekaru sun shuɗe, makin nan ya shiga cikin sakamakona ya ɓace, amma tambayar yarinyar ba ta bar ni ba. Idan aka auna, darussa biyu na koyar a wannan rana, kuma babu ko ɗaya a cikin littafina. Na koya wa yara uku cewa matsayinsu a makaranta shi ne shara. Na kuma koya wa sauran hamsin cewa idan babba zai zo, ana ɓoye abin kunya a shirya masa wasan kwaikwayo. Waɗannan yara su ne za su zama ma'aikatan da ke fentin gaban asibiti ranar da gwamna zai kawo ziyara. Muna yawan tambayar inda wannan hali ya samo asali a ƙasarmu. Ni dai na san aji ɗaya da aka koyar da shi, na kuma san malamin.

Abin lura a nan shi ne, ban karya wata doka ba. Takardar da mai dubawa yake cikewa tana tambayar shigar malami, da muryarsa, da rubutunsa a allo, da yadda ya yi amfani da kayan koyarwa, da yadda ya riƙe aji. Ba ta tambayar wanda ya fita da tsintsiya. Bugu da ƙari, ya kamata mu tambayi kanmu ko 'ya'yan wa ake yawan koyon askin nan a kansu. Makarantun da suka fi maraba da ɗaliban gwaji su ne waɗanda malamai suka yi wa ƙaranci, wato makarantun 'ya'yan talakawa. Sau da yawa malamin ajin yakan ɗauki zuwan ɗalibi a matsayin hutu, ya miƙa masa rajista ya koma inuwa. Saboda haka a waɗannan makonni, ɗalibin da yake ganin gwaji yake yi, shi ne kaɗai malamin da yaran suke da shi. Gwaji ne a wurinsa, amma su aji huɗu sau ɗaya za su yi shi a rayuwa.

Yaron da Ba Ya Cikin Aji

Hakki na biyu ya fi na farko ɓoyuwa, kuma ba a fahimtar sa sai an waiwayi tarihin garin. Kuza ce ta gina Jos. Tun farkon ƙarni na 20 haƙar ma'adinin ta jawo Hausawa da Ibo da Yarabawa da sauran ƙabilu zuwa ƙasar Birom da Anaguta da Afizere, jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, Hausa kuma ta zama harshen kasuwa da na ramin kuza da na unguwa. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, sai harshen ya ƙara kafuwa a majami'u kamar yadda yake a masallatai. Tsofaffin garin har yau suna ba da labarin lokacin da abincin salla da na Kirsimeti suke ƙetare katanga.

Ranar Juma'a 7 ga Satumba, 2001, wannan zama ya tsage. Cikin kwanaki kaɗan aka rasa rayukan da ƙungiyoyin kare hakkin ɗan Adam suka ƙiyasta sun kai kimanin 1,000. Wutar ta sake tashi a Nuwamba 2008 bayan zaɓen ƙananan hukumomi, ta kuma tashi a Janairu 2010. Bama-bamai sun fashe a jajibirin Kirsimeti na 2010, sannan a Taminus ranar 20 ga Mayu, 2014. Ba manufata ba ce in raba laifi, domin kowane ɓangare yana da kaburburansa. Abin da ya shafi maƙalar nan shi ne abin da ya biyo baya: mutane suka sayar da gidaje ko suka yi musayarsu, kowa ya koma cikin nasa. Unguwanni irin su Unguwar Rogo da Gangare suka zama kusan na Musulmi zalla, irin su Jenta Adamu da Unguwar Rukuba suka zama kusan na Kirista zalla. Makarantu kuwa unguwa suke bi. Sakamakon haka, akwai yaro a Jos da zai gama firamare bai taɓa zama benci ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Abin da ya sani game da waɗancan, a bakin manya ya ji shi, kuma mafi yawansa labarin ranar tashin hankali ne.

Jaririn da aka haifa a 2001 ya isa riƙe alli yanzu. Bai ga tsohuwar Jos ba. Amma idan ya shigo jami'a, ya sami abin da ƙannensa ba su samu ba. Jami'ar Jos, wadda ta fara a matsayin reshen Jami'ar Ibadan a 1971 ta kuma tsaya da ƙafarta a 1975, tana cikin wurare ƙalilan da suka rage a garin inda Bahaushe da Birom da Angas da Tarok da Bafulatani da Tibi suke zama ɗaki ɗaya, su ari littafin juna, su yi fargabar jarrabawa ɗaya. Ɗalibin da ya yi shekara uku a irin wannan zama ya san da idonsa cewa ɗan waccan unguwa mutum ne mai ciwon kai da bashi da barkwanci kamar kowa. Gani ya kori ji. Wannan sani kuwa dukiya ce da yaran ajinsa ba su da ita, kuma a nan ne hakkin ya rataya a wuyansa.

Yaya wannan hakki yake bayyana? Ba a rubuce yake zuwa ba. Yakan zo ne a tsakiyar darasi, lokacin da yaro ya zagi ɗan'uwansa da kalmar arne, aji ya fashe da dariya. Ko kuwa a wancan ɓangare, lokacin da yaro ya ce duk masu sallah 'yan ta'adda ne, ko baƙi ne da ya kamata su koma inda suka fito. A wannan daƙiƙa idanun yara hamsin suna kan malami. Idan ya yi murmushi, ya sa hannu. Idan ya yi kamar bai ji ba, ya sa hannu. Yaron da aka zaga ba ya nan balle ya kare kansa. Yana can wata makaranta, mai yiwuwa ana zagin wannan ajin a gabansa. Babu mai tsaya masa sai wanda ya taɓa cin abinci kwano ɗaya da yayansa a ɗakin kwanan ɗalibai.

Mu ɗaliban Hausa namu nauyin ya ɗara na saura. Harshen da muke nazari shi ne kusan abu na ƙarshe da ɓangarorin garin nan biyu suka yi tarayya a kai ba tare da jayayya ba. Da shi ake ciniki, da shi ake wa'azi a nan da can, da shi kuma, abin takaici, ake yaɗa jita-jita ranar da gari ya rikice. Wanda ya san tarihin kalma da nauyinta, ya san wadda take warkarwa da wadda take fama miki, bai kamata ya bar kalmar ƙiyayya ta wuce ta gabansa kamar bai gane ta ba. Hatta misalan da malami yake rubutawa a allo suna da tasiri. Idan a cikin jimlolin nahawu Audu da Dauda da Bitrus da Ladi suka tafi kasuwa tare, yaro ya ga wani gari da bai taɓa gani ba, ba tare da an yi masa huɗuba ba.

Hujjojin Masu Ja

Adalci ne a saurari masu ganin an ɗora wa ɗalibi kayan da suka fi ƙarfinsa, domin hujjojinsu ba na banza ba ne.

Hujja ta farko ita ce talauci. Ɗalibin gwaji shi yake biyan kuɗin motarsa, shi yake sayen kwali da alƙalumansa, sau da yawa da yunwa yake tsayawa a gaban allo. Yaya za a nemi sadaukarwa daga wanda shi ma abin tausayi ne? Wannan gaskiya ce, kuma hakki ne a kan hukumomi su dube ta. Sai dai yarinyar da ke bencin ƙarshe ba ita ta hana shi alawus ba. Wanda aka zalunta daga sama ba ya samun izinin sauke zaluncin a kan na ƙasa da shi. Idan ya yi haka, ya zama tsani ne kawai da zalunci yake bi ya sauka.

Hujja ta biyu ita ce ƙarancin lokaci. Baƙo raɓa ne, in ji masu magana. Me makonni shida za su gyara a ginin da ya yi shekaru yana rushewa? Amsa ita ce, ba a tambayi ɗalibi ya gyara ilmin Nijeriya ba. Makonni shida sun isa a koya wa yara uku haɗa baƙi da wasali, idan aka ba su minti ashirin kullum lokacin tara. Na san haka domin na gwada a sauran makonni biyun da suka rage mini bayan ranar tsintsiya, kuma kafin in tafi biyu daga cikinsu sun fara karanta gajerun kalmomi. Ta ukun, mai tambayar nan, ba ta kai ba. Da na fara tun makon farko, wataƙila da ta kai. Ban da haka, wanda ya ce makonni shida ba sa gyara ya manta cewa suna ɓatawa. Kowannenmu yana iya tuna kalma ɗaya da wani malami ya faɗa masa tun yana yaro, mai daɗi ko mai ɗaci, wadda har yau take tare da shi.

Hujja ta uku ita ce, da yawa daga cikin ɗaliban ilmi ba su zaɓi fannin ba. Lauya ko likita suka nema, aka tura su nan, kuma niyyarsu da zarar sun gama su nemi wani aiki. Babu laifi a wannan buri. Amma fasinjan da aka ba riƙon jariri a mota ba ya sakin sa don ya san a tasha ta gaba zai sauka.

Hujja ta huɗu ita ce mafi nauyi, wato tsaro. Sanannen abu ne cewa ɗalibai sukan yi ƙoƙari a tura su makarantun da ke ɓangarensu na gari, kuma ba zan zarge su ba. A Agusta 2021, bayan harin da aka kai wa matafiya a hanyar Rukuba da abin da ya biyo bayansa, sai da jami'a ta dakatar da karatu, gwamnatocin jihohi suka aiko da motoci suka kwashe ɗalibansu. Uwar da ta ce ɗanta ba zai ƙetara wata unguwa ba, ba ƙiyayya ce take magana a bakinta ba, abin da ta gani ne. Saboda haka ba na cewa wajibi ne kowa ya ƙetara. Wanda ya sami hali ya je, cikin natsuwa da shawarar hukumar makaranta, ya yi babban aiki, domin mai yiwuwa shi ne mutum na farko daga wancan ɓangare da yaran za su sani da suna, ba da labari ba. Wanda kuwa ya tsaya a cikin nasa, hakkin bai faɗi daga kansa ba, ƙaruwa ma ya yi. A cikin naka ne maganarka take da daraja, a nan ne kuma gyara kalmar ƙiyayya yake buƙatar ƙarfin hali, domin wanda zai harare ka ɗan'uwanka ne.

Abin da Magabata Suka Gane

Ba yau aka fara ɗaukar malami a matsayin mai hakkin al'umma ba a wannan yanki. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, makarantar horon malamai ce, daga cikinta kuma Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito, dukkansu sun riƙe alli kafin su riƙe mulki. A Bauci, maƙwabciyarmu, Malam Aminu Kano yana matashin malami a makarantar midil ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur a shekarun 1940, suka mayar da zauren tattaunawa wurin tambayar yadda ake mulkin talaka. A 1948 kuma ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa. A nan kusa, makarantun horon malamai na Toro da Gindiri sun yaye mutanen da suka koma ƙauyukansu suka zama su ne masu karanta wasiƙa, masu ba da shawara, masu sasanta rigima. Da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, buƙatar malamai ta yi yawa har aka riƙa yaye su cikin gaggawa, daga baya albashi ya riƙa makara, martabar aikin ta zube. Mun gaji zubewar, amma ba dole ne mu gaji mantuwar ba. Waɗancan mutane ba su jira sun zama manya kafin su ɗauki al'umma a matsayin abin da ya shafe su ba. Tun suna sababbin malamai suka fara.

Kammalawa

A taƙaice, abin da ake nema daga ɗalibin gwaji bai fi ƙarfinsa ba. Ya san sunan yaron da ke bencin ƙarshe, ya kira shi da shi. Ya koyar ranar Litinin kamar yadda zai koyar ranar da mai dubawa zai zo, ya kuma bar mai dubawa ya ga ajin yadda yake, ko da makin zai ragu. Kada ya bar a zagi wanda ba ya nan a gabansa. Idan zai tafi, ya zauna da malamin ajin ya gaya masa inda kowane yaro mai rauni ya tsaya, don kada aikin ya mutu da tafiyarsa. Su ma malamanmu masu dubawa, da za su riƙa duba rajista su ƙirga kawuna, su kuma nufi bencin ƙarshe da tambaya, da sun rufe ƙofar da irina suka bi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mun saba kawo wannan karin magana a kan yara, amma ta fi dacewa da malamin kansa. Halin da mutum ya ɗauka a makonninsa na farko a gaban allo, shi zai riƙe shekara talatin. Wanda ya koyi ɓoye yara uku yana ɗalibi, zai iya ɓoye makaranta guda idan ya zama hedimasta. Dole ne a koyi aski a kan wani, wannan babu makawa. Abin da ya rage ga mai koyo shi ne ya tuna cewa kan da ke hannunsa na ɗan mutane ne, ya riƙe askar kamar uban yaron yana tsaye a bayansa.

Ban san inda yarinyar nan take ba yanzu. Idan tana raye ta isa aure, wataƙila ma ɗanta yana zaune a wani benci a cikin garin nan, yana jiran ɗaya daga cikin masu karanta wannan mujalla ya shigo da sabon littafi da kwali a hammata. Roƙona ga wanda zai shiga wannan aji shi ne, ya ba yaron alli, ya bar tsintsiya a inda take.